Kwanon Inna Kulu

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da Inna Kulu ta gama tuƙin tuwon gero. Ta kwashe a sabon kwano, ta zuba miyar kuka a ƙarami, ta ɗora cinyar zakara da ƙirjinsa, ta rufe da faifai. Sannan ta juya wajen zaure.

"Kai yaro, zo ka miƙa wa maras lafiya."

Mansur ɗanta ne na fari, shi ya sa ba ta kama sunansa, ko da yake ya yi aure har gemu ya cika masa fuska. Ya shigo ya durƙusa, ya karɓi kwanon da hannu biyu.

"Inna, lokotoron asibiti ya ce abinci mai laushi za ta riƙa ci."

"Tuwona ya taɓa yi maka tauri?"

"A'a."

"To, kai mata. Zakaran nan na daɗe ina kiwonsa, don ita na sa aka yanka shi. Jinin da ta zubar a Damagaram da nama zai dawo."

Mansur ya miƙe, ya nufi ɗakin matarsa.

A makon nan aka dawo da matar tasa Radiya garinsu Gangara bayan an yi mata aikin maƙoƙo. Tun tana budurwa a Tarka take ɗauke da shi a wuya. A haka Mansur ya gan ta wata ranar kasuwa da ya je gyaran moto, a haka ya ce yana so. Abokansa sun yi ta tsokanarsa, ya ce shi fuskarta yake kallo, kuma Allah bai ba shi idon da ke sauka ƙasa da haɓa ba. Bayan aure ƙullin ya ƙara girma har ya fara danne mata numfashi in ta kwanta. Da aka je Damagaram aka ce sai an cire.

Yayarta Yagana, wadda ta raine ta bayan rasuwar uwarsu, ita ta zauna da ita a asibiti. Da aka sallame su ta so ta wuce da ita Tarka. Inna Kulu ta ƙi, a gaban 'yan dubiya ta ce, "Ɗiyar da ta shigo gidana tawa ce. In na kasa jinyarta ki zo ki ɗauke ta, ba zan ce uffan ba." Yagana ta ce ta riƙe wannan maganar. Dama can ba ta cika son auren ba. Takan ce Mansur mutumin kirki ne, amma a gaban uwarsa harshensa mutuwa yake yi.

Radiya tana zaune a gado, an jera mata matasai a baya, domin kwanciya miƙe tana ja mata ɗinkin. Farin bandeji ya rufe gindin wuyanta. In za ta dubi mutum sai ta juya da kafaɗunta duka. Muryarta ta dushe, ba abin da ya rage sai raɗa. Leɓunanta da kan yatsunta suna mata zir-zir kamar kiyashi na bi.

Mansur ya ajiye kwanon, ya gutsuro 'yar ƙaramar loma, ya jiƙa ta da miya sosai.

"Gwada, Radi."

Ta sa a baki ta tauna, ta tauna, ta runtse ido ta haɗiye. Lomar ta tsaya. Tari ya taso mata, ta dafe bandejin da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe ƙeya, yadda aka koya mata a asibiti. Sai da ta sha ruwa kurɓi-kurɓi kafin numfashinta ya daidaita. Hawaye ya jiƙa mata kumatu.

"Malam, ba zai wuce ba," ta ce a hankali. "Ko miyau da ƙyar."

"To, bari in mayar."

Ta kama gefen rigarsa. "A cike?"

Ya tsaya. Dukansu sun san abin da ake nufi idan surukuwa ta dafa wa matar ɗanta abinci da hannunta, kwano ya dawo yadda ya tafi. Ko dai raini ne, ko kuwa ana zargin ta barbaɗa wani abu a ciki. Mace ɗaya a unguwar ta ji labari, kafin la'asar an kai shi bakin rijiya.

"Ka gaya mata ba na iya haɗiya," in ji Radiya.

"Na fara, ta tare ni. Ke ki gaya mata in ta shigo."

"Ni? In dubi Inna in ce ba wannan nake so ba?"

Mansur ya leƙa tsakar gida, ya saki labule, ya zauna a tabarma ya ja kwanon gabansa. Ya riga ya ci nasa a zaure, amma ya cinye wannan tas, har ya tauna ƙashi. Radiya tana kallonsa, dariya na son kama ta, tana danne ta saboda ciwo.

Da Inna Kulu ta buɗe faifai ta ga kwano kamar an wanke, sai ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Wanda ya ci ya tashi."

Haka aka ci gaba, rana da maraice. Mansur yakan sayo nonon yawur da madarar gari a kanti, ya ɓoye a cikin riga ya shigo da su. Yawur ɗin kafin azahar ya yi tsami saboda zafi, madarar kuma a ruwan randa yake dama ta, tun da murhu na Inna ne, namiji ba ya tsugunawa a gabansa. Radiya takan sha rabin kofi ta ture. A kan wannan cikin take haɗiyar ƙwayar rage ciwo, wadda aka ce kada a sha sai an ci abinci. Ƙwayar takan sauke mata zafin wuya, ta bar ta da tashin zuciya da jiri. In ta ƙi sha, ciwon ya bi ta kafaɗa ya hau ƙeya ya zauna a bayan kunne. Ta koyi lissafin abin da za ta iya ɗauka: in ciwon ya fi ƙarfi ta sha, in jirin ya fi ƙarfi ta haƙura. Ta koyi tashi daga gado da tallafe kai da tafin hannu biyu. Ta koyi yin salla a zaune, tana nuni da ido maimakon sunkuyawa. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba.

Ranar da Mansur ya kai ta likitar garin a wanke ciwon a sake mata pansima, majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba ɗinkin ya ce yana kamewa da kyau. Ya dubi fuskarta.

"Tana cin abinci kuwa?"

"Tana taɓawa," in ji Mansur.

"A kula. In yatsun nan sun fara ƙandarewa a dawo da ita nan take, kada a jira randebu, ranar da aka ce ku dawo."

"To, dakor," in ji Mansur.

A gareji kuwa, abokin aikinsa Ila ya ƙare masa kallo lokacin da Mansur yake ƙoƙarin ɗaure tazuge.

"Mansur, wai matarka aka yi wa aiki ko kai aka sa a turke? Kowa in yana jinya ramewa yake, kai kana ta sheƙi kamar ragon kasuwar Balbeji."

"Miƙo mini kile sha biyu na kwance noti ka rabu da ni."

"Zan miƙo. Amma in jinya haka take, a gaya mini in an samu wani maras lafiya."

Mansur bai yi dariya ba. Da safen nan ya ga awarwaron Radiya ya zame har gwiwar hannu.

Ita kuwa Inna Kulu farin cikinta ya fara gaurayuwa da wani tunani. Kaka ce, gero ya shigo gida, ita kaɗai take sussuka da surfe da ɗebo ruwa, bayanta yana mata ciwo. Kullum da safe Radiya takan fito tana dafa bango, ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna a tsaye, kai a miƙe, leɓunanta su motsa, ta koma. Da can durƙusawa take har ƙasa. Inna ta yi mata uzuri da farko. Amma tana wanke kwanon da ya dawo fayau, tana tambayar kanta: wadda ke tashi da malmalar tuwo da rabin kaza, ashe ba ta da ƙarfin gaisuwa?

Wani maraice ta tare ɗanta a bakin rumbu.

"Kai yaro, ba ƙorafi nake ba. Amma kaji sun kusa ƙarewa a gidan nan, maras lafiya kuma ba ta da niyyar warkewa. 'Yan zamani in suka ɗanɗana kwanciya ba sa son tashi."

"Inna, jikin ne har yanzu..."

"Jikin da ke cin abin da ni da kai ba ma ci?"

Ya sunkuyar da kai. Maganar tana bakinsa, amma yanzu ta fi ta ranar farko nauyi. Da can cewa kawai zai yi tuwo ba ya wucewa. Yanzu sai ya ce ya daɗe yana ruɗin uwarsa.

Washegari kasuwar Gangara ke ci. Mansur ya fita tun da wuri saboda motocin ƙauye. Inna Kulu ta gama surfe, ta ɗauki ƙwarya da faifai ta ajiye a inuwar ɗakin Radiya.

"'Yar nan, fito ki sha iska. Ba daka na ce ki yi ba, bakace ne kawai, a zaune. Hannu in bai motsa ba sanyi yake yi."

Radiya ta fito ta zauna a kujera 'yar tsugune. Ta ɗebi gero a faifai ta fara. Kowace girgiza tana jin ta a ɗinkin. Dusa ta tashi ta shiga mata hanci, tari ya sarƙe ta. Ta so ta kai hannu wuya, sai ta ga yatsunta sun haɗe sun lanƙwashe, sun ƙi buɗewa. Faifan ya faɗi, gero ya watse, kaji suka yi caa a kai. Tsakar gidan ta juya mata, ta zame ta jingina da bango.

A haka Yagana ta same ta. Ta biyo motar 'yan kasuwa daga Tarka, da ƙullin cuku da man shanu a hannu. Ko sallamarta ba ta ƙarasa ba ta yar da ƙullin. Ita da Inna Kulu suka kama Radiya suka kwantar da ita a tabarma, aka tallafe mata kai, aka shafa mata ruwa a fuska, Yagana tana murza mata yatsu har suka saki. Sai a lokacin ta ɗaga hannun ƙanwarta ta duba, ta janye mayafi ta ga ƙasusuwan kafaɗa.

"Inna Kulu, wannan ba ciwon aiki ba ne. Yunwa ce."

"Yunwa? A gidana?"

"A gidanki. Kuma ga faifai, har aiki ake sa ta. Na ba ku mutum da ƙafafunta, kun mayar mini da kara."

"Yagana, ki iya bakinki. Yarinyar nan kullum kwano biyu take tashi da shi, da nama. Kajina na ƙarar a kanta."

"Ki gaya wa wanda bai da ido."

Maƙwabta sun fara leƙowa ta kan danga. Wata ta aika aka kira Mansur, ya shigo da baƙin mai a hannu. Yagana ba ta bar shi ya gaishe ta ba.

"Motarmu za ta juya bayan la'asar, da ita zan tafi. Kai kuma in kana da sauran mutunci ka biyo ta da sakinta. Ban raine ta don a kashe ta da yunwa a gidan miji ba."

Inna Kulu ta nuna ɗanta. "Ga shi nan, tambaye shi. Shi ke kai kwano, shi ke dawo da shi. Kai yaro, faɗa mata ko ƙarya nake."

Radiya ta motsa baki, ba wanda ya ji. Mansur ya dubi matan da ke kan danga, ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa a kwance. Ya durƙusa a tsakanin su.

"Inna ba ta yi ƙarya ba. Yaya Yagana ma ba ta yi ba. Ni nake cinyewa."

"Kai kake me?" in ji Yagana.

"Tuwon ba ya wuce mata a wuya, tun ranar farko. Muka ji nauyin a mayar wa Inna da kwano a cike, kada ta ce an raina ta, ko mutane su ce ana zarginta. Sai na riƙa ci. Madara nake ba ta a ɓoye, ita ma ba ta iya sha da yawa."

Wata a kan danga ta yi dariya ta rufe baki. Yagana ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Dama tun da ka shigo nake mamakin kumatun nan. Ashe kajin ƙanwata ne."

Inna Kulu ba ta yi dariya ba. Ta nemi turmi ta zauna a kai. Ta daɗe tana kallon geron da kaji ke tsattsaga.

"Ashe ni dodo ce a gidana," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ɗan da na haifa ya gwammace matarsa ta mutu da ya ce mini, Inna, dama kunu. Ni kuma ina nan ina yi mata kallon malalaciya, har na ɗora mata faifai." Ta share ido da gefen zane, ta juya ga Yagana. "Maganar da na yi a gaban mutane tana nan. Na kasa. Ki ɗauke ta."

Mansur ya ɗago kai da sauri. "Inna, laifina ne, ba naki ba."

"Da naka da nawa duk a gida ɗaya suke. Yi mini shiru, ai ka iya."

Yagana ta miƙe ta shiga ɗakin Radiya, aka fara jin tana haɗa kaya. Mansur ya zauna dirshan a ƙasa, bai san wa zai roƙa ba.

Radiya ta sa tafin hannu biyu a ƙeya ta tashi zaune a hankali. Tun da aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa roƙon surukarta ko gishiri ba, ba ta taɓa haɗa ido da ita ba. Ta miƙa hannu ta yafito ta. Inna Kulu ta dubi bayanta ko wani ake kira, sannan ta taso ta tsuguna, ta kawo kunnenta daf da bakin Radiya.

"Inna, yunwa nake ji."

Tsohuwar ta ƙara matso da kunne.

"Kunu nake so. Na gero, mai ruwa-ruwa, a tace shi sosai. Ba yaji, ba tsamiya. A bari ya huce. Ke nake so ki dama mini."

"Sai me kuma?"

"In na durƙusa jiri nake ji. Ina gaishe ki kullum, muryar ce ba ta kai."

"Sai me kuma? Faɗi duka, yau ranar ce."

"Dare da rana wuyan yana ciwo. Ina jin tsoro kada muryar ta tafi ke nan."

Nan kuka ya ƙwace mata, marar sauti. Inna Kulu ta tallafe mata ƙeya da tafin hannunta har ta lafa.

Yagana ta fito da ƙullin kaya. Radiya ta yafito ta ita ma.

"Yaya, ba zan tafi ba."

"Radiya, kin ga kanki kuwa?"

"Ba wanda ya hana ni abinci. Ni na rufe bakina. Shi kuma don ni ya yi, wautar ce ta yi masa yawa."

Yagana ta tsaya da kayan a hannu. Ta dubi Inna Kulu, wadda tuni ta tashi tana hura wuta, ta dubi Mansur.

"Kai, tashi ka nemo amalanke a kai ta wajen majo kafin kunun ya huce. Motar Tarka ta yi tafiyarta ba tare da ni ba. Ina nan sai na ga abin da ke shiga cikinta da idona. Kuma daga yau ko ruwa ba kai za ka miƙa ba."

Majo ya yi musu faɗa iya faɗa. Ya ƙara mata maganin da ake narkawa a ruwa saboda ƙandarewar yatsu, ya canza ƙwayar ciwon da wadda ba ta wahalar da ciki. Ya ce muryar za ta dawo, amma ba da gaggawa ba. Da suka koma, Radiya ta sha kunu ludayi bayan ludayi, tana hutawa a tsakani, Inna Kulu na riƙe da ƙwarya, Yagana na yi mata fifita.

Sauƙin a hankali ya zo. Daga kunu aka koma fura mai ruwa da nono, daga nan faten wake da aka murje, sai romo. Kowace safiya Inna Kulu ce ke zuwa ƙofar ɗakin ta tambayi inda ke ciwo yau, kuma ba ta tafiya sai an ba ta amsa. Wata rana ciwon ya ja baya, wata rana ya dawo. Radiya ta daina ɓoyewa. Yagana ta koma Tarka bayan an warware ɗinki, ta bar wa Inna man shanun da ta kawo, suka rabu suna tsokanar juna. Kafin a gama rufe rumbuna, wata safiya Radiya ta kira Mansur daga ɗaki, ya jiyo ta tun daga zaure. Muryar da kauri-kauri, amma tata ce. Ya shigo ya tsaya a tsakar gida, a gaban uwarsa, ya ce ta sake faɗa.

Haƙurin Radiya bai faɗi ƙasa ba: ta tsira da lafiyarta da aurenta, ta kuma samu uwa a inda take jin tsoro. Amma da ita da mijinta sun kusa rasa duka saboda sun ɗauka girmama babba shi ne a ɓoye masa gaskiya. Kunya tarbiyya ce mai kyau, sai dai ba a yin jinya da ita. Maras lafiya ya faɗi abin da ke damunsa, mai son sa ya faɗa a madadinsa in shi ya kasa, babba kuma ya riƙa tambaya kafin ya yanke hukunci.